Yaron da Ba Ya Barin Riga a Jikinsa: Jagora ga Iyaye a Abare da Kewaye

Kin yi masa wanka, kin shafa masa mai, kin zura masa riga da wando. Kin juya ki duba tukunya, kafin ki ɗaga murfi ga shi can gindin turmi tsirara, riga a bakin randa, wando kuwa sai an nema. Ki mayar, ya cire. Ki sake mayarwa da tsawa, ya cire da kuka. Kafin azahar kin gaji, shi ma ya gaji, rigar kuma ta sha ƙasa ta koma cikin kayan wanki. Duk gidan da aka yi goyo an san wannan dambe, kuma yawanci yakan taso ne daga shekara ɗaya da rabi zuwa uku, wato daidai lokacin yaye.

Shawarata ga iyaye a Abare da sauran ƙauyukan Anka, Bukkuyum da Gummi ita ce a rage yawan faɗan, a ajiye ƙarfi don inda ya cancanta. A cikin yini akwai sa'o'i da yawa da tsiraicin ɗan shekara biyu a tsakar gidansu ba ya cutar da kowa. Akwai kuma abubuwa uku da ba a yi musu sassauci: sanyin hunturu, sauron magariba, da ƙasar da yaron yake zama a kanta, wadda a wannan yanki ta taɓa cin rayukan yara da yawa. Uwar da ta ƙarar da muryarta tun da hantsi a kan rigar da ba ta zama dole ba, idan magariba ta yi ba ta da sauran haƙurin da za ta sa masa wadda ta zama dole.

Fara da duba jikinsa

Hannun yaro yakan iya cirewa tun kafin ya iya sawa. Hula da takalmi yake fara fizgewa, sai wando mai roba, daga baya ya gano yadda ake zare hannu daga riga. Sa kaya shi kaɗai ba tare da taimako ba sai wajen shekara huɗu ko biyar. Tsakanin nan, cirewa sabuwar gwaninta ce a wurinsa, kuma zai yi ta maimaita ta kamar yadda ya yi ta tashi yana faɗuwa lokacin da yake koyon tafiya. Shekarun ne kuma da ya gano kalmar "a'a" yana jin daɗinta a baki. Ba raini ba ne, kuma yana wucewa.

Amma kada ki ɗora komai a kan ƙuruciya kafin ki duba. Yaro bai da bakin da zai ce abu kaza ke damuna, don haka cire rigar shi ne maganarsa. Ki kai shi inda akwai haske, ki duba wuya, hammata, bayan gwiwa da matsematsi. Idan kin ga ƙananan ƙuraje jajaye a jere, ƙurajen zafi ne. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, kuma rigar ƙwallo ta roba ko leshin Sallah mai kaushi a jikin yaro a irin wannan rana azaba ce. Maganin shi ne wanka da ruwa mai sanyi-sanyi sau biyu ko uku, a bar jiki ya sha iska ya bushe sarai, a rage mai mai kauri, a koma 'yar shara ta auduga mai faɗi. Hodar da ake zubawa har ta yi dunƙule a wuya toshe fata take ƙara yi.

Ki duba ƙugu. Idan robar wando ta bar masa zane a fata, wandon ya yi masa kaɗan, ko da watan jiya aka saya. Ki juya rigar ki shafa cikinta da bayan hannunki: ɗinki mai tauri, takardar da ke wuyan kayan gwanjo, zaren ado mai sheƙi, duk suna sukar fatar yaro fiye da yadda babba zai zata. Almakashi kaɗai ya isa ya kashe rigimar da aka yi mako ana yi. Haka kuma omon da ba a ɗauraye sosai ba yana sa ƙaiƙayi, musamman inda ruwa yake wuya ana tattalinsa. Kayan yaro ƙanana ne, a ba su ɗauraya biyu.

Idan ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, akwai ƙuraje tsakanin yatsu da wuyan hannu, kuma wasu a ɗakin suna susa, to ƙazuwa ce. Wannan sai an je wurin ma'aikacin lafiya, kuma duk masu kwana tare ake yi wa magani a lokaci guda, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana. Yi wa yaro shi kaɗai ɓata magani ne.

Akwai cirewar da albishir ce. Yaron da yake fizge kunzugu ko famfas da zarar ya jiƙe, ko yake cire wando ya nufi wani lungu, ya fara gane jikinsa ke nan. Ki ajiye fo a wuri guda da ya sani, ki zaunar da shi da asuba da bayan cin abinci, ki sa masa wandon da zai iya saukewa da kansa. A nan kulle shi cikin kayan da ba ya iya cirewa mayar da hannun agogo baya ne.

Dalili na ƙarshe na cirewa shi ne dariya. Ranar farko da ya fito tsirara yayyensa suka kwashe da shewa, ke kuma kika bi shi da gudu kina zagaya turmi, ya samu wasan da ya fi kowane wasa daɗi. Gobe ma zai nema.

Yadda ake sa masa ba tare da kokawa ba

Ki zauna, ki ɗora shi a cinya bayansa na jingine da ƙirjinki. Yaron da aka tsaya a kansa aka nufo fuskarsa da riga yakan ji kamar za a rufe shi ne, abin da yara da yawa suka fi ƙi kuwa shi ne lokacin da wuyan riga ya rufe musu ido. Ki tattara rigar a hannu ta zama kamar zobe, ki buɗe wuyan sosai, ki fara ɗorawa ta ƙeya sannan ki sauko da ita ta fuska da sauri. Daga nan ki bar masa aiki: "Ina hannu? Fito da shi in gani." Wando ki sa masa ƙafafu, shi ya ja sama. Wanda aka ba rabonsa na aikin bai cika rushe shi ba.

Ki ba shi zaɓi tsakanin abu biyu, kada su wuce biyu. "Ja ko shuɗiya?" Tambayar "za ka sa riga?" amsarta a shirye take. Ko da riguna biyu ne kacal gare shi, kuma na san gidaje da yawa haka suke, musamman waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu suka sauka a garin Anka da abin da ke jikinsu, dabarar tana aiki: "Riga za mu fara ko wando?"

Ki haɗa sa riga da abin da yake so wanda dama za a yi. "Sa riga mu je gidan Inna." "Sa wando ka bi Yaya ɗebo ruwa." Sharaɗin kawai shi ne ki cika. Idan kin ce za a je, a je, ko da zaure ne a dawo. Yaro yana saurin gane alkawarin bogi, kuma daga ranar da ya gane, wannan ƙofar ta rufe.

Idan ya cire a lokacin da dole ya sa, ki ɗauki rigar ba tare da gudu ko ihu ba, ki faɗi magana ɗaya gajera, kullum ita ɗin dai: "Akwai sanyi, riga tana jiki." Ki mayar, ki miƙa masa wani abu da zai riƙe da hannu biyu, ƙoƙo ko ludayi, ki ci gaba da aikinki. Zai gwada sau biyar, sau goma, kwana uku ko mako. Ki ja kunnen yayyensa su daina dariya. Wasan da babu mai kallo da kansa yake mutuwa.

Duka ba ya cikin wannan aiki. Ɗan shekara biyu da aka mara ba ya koyon cewa riga tana da amfani, abin da yake koya shi ne lokacin sa riga lokacin tsoro ne, sai ya fara gudu tun ya hango ta a hannunki. Tsoratarwa da dodo ko da mai allura ma haka, kuma ta biyun tana da nata sharrin, domin ranar da za a kai shi rigakafi ke za ki sha wahala. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwara ɗanyen icce a hankali yake bi, in ya yi gaggawa karyewa yake.

Ki kuma ware masa lokacin da zai sake. Bayan wanka, a kan tabarma mai tsabta a inuwa, a bar shi ya sha iska. Yaron da ya san yana da nasa lokacin ya fi yarda da naki.

Kakanni suna da makamin da uwa ba ta da shi. Uwa, musamman a kan ɗan fari, kunya takan hana ta wasa da shi a gaban mutane, ko sunansa ba ta kira. Kaka kuwa wasa ne tsakaninta da jika. "Angona, haka za ka zo mini ba riga? To na fasa auren." Ko kakan namiji ya ce da jikanya, "Amaryata, ina zanen da na saya miki?" Na sha ganin yaron da ya gagari uwarsa ya ruga da kansa ya ɗauko riga saboda wannan magana. Tunda dama yaye yakan kai yaro ɗakin kaka, a gaya mata dokokin da aka tsayar don bakin ya zama ɗaya.

Tela ma yana da rawar takawa. A ce ya yi wuyan riga da faɗi, ya mayar da maɓalli ko zif baya, ya yi kalmasa mai laushi. Don kwana a lokacin sanyi, riga da wando a haɗe mai zif, a sa masa ita gaba a baya. Igiya a wuyan riga ko a hular rigar sanyi kuwa a zare ta, tana iya maƙalewa ta shaƙe yaro.

Maganar kunya

Malamai sun yi bayani cewa ƙaramin yaro ba mukallafi ba ne, babu zunubi a kansa, umarni da salla ma sai ya kai shekara bakwai. Saboda haka sutura a wannan shekaru sabo ake gina masa. Doka mai sauƙi ta isa: a cikin gida da rana ko kamfai kaɗai ya wadatar, amma ba a ƙetare zaure, ba a zuwa gaban baƙi, ba a bin yara makarantar allo sai da riga da wando. Mace da namiji duka. Kalmomi irin su "marar kunya" ko "ɗan iska" ba su dace da wanda bai san ma'anar tsiraici ba. Ki ce masa, "Baƙi sun zo, mu yi kwalliya." Yayin da yake kusantar shekara uku zuwa huɗu, a fara gaya masa a hankali cewa abin da wando ya rufe nasa ne, ba mai taɓawa sai mai yi masa wanka ko tsarki. Wannan kariya ce gare shi, kuma ta fi shiga idan ba a taɓa kunyata shi a kan jikinsa ba.

Sanyi da sauro

Daga Disamba zuwa Fabrairu, asuba da dare suna da sanyin da jikin ƙaramin yaro ba ya iya riƙewa kamar na babba. Riga biyu marasa nauyi sun fi ƙatuwar rigar sanyi guda mai kaushi, domin idan rana ta ɗaga sai a cire ta sama, kafin zafi ya sa ya cire duka da kansa. A shafa man kaɗanya kafin a sa kaya, busasshiyar fata tana ƙaiƙayi a ƙarƙashin ulu. A kula da wuta: lokacin jin ɗumi ne yara suke ƙonewa, kuma yadin roba idan ya kama narkewa yake ya manne a fata. Yaro kusa da murhu, auduga.

Zazzaɓi yana juya dokar. Yaron da jikinsa ya yi zafi yana fizge kaya, kada a danne shi da bargo don ana sanyi. A bar masa riga ɗaya marar nauyi, a ba shi ruwa ko nono, a kai shi a gwada jininsa a ranar.

Da damina kuwa, tun kafin kiran magariba a sa masa riga mai dogon hannu da dogon wando, sannan a kwana cikin gidan sauro. Idan zafi ya sa ya cire a cikin gidan sauron da aka cusa gefensa da kyau a ƙarƙashin shimfiɗa, a ƙyale shi, gidan sauron ne babbar rigar. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damina, a karɓa, a kuma cika na kwana na biyu da na uku da ake bar wa uwa.

Ƙasar da yake zama a kai

A nan ne Abare ta bambanta da sauran wurare. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba don zazzaɓi ko sanƙarau ba. Gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi, a niƙa a inji, a wanke, a shanya a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. Abare, Dareta, Sunke, Duza, Tungar Daji da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, su ne garuruwan da abin ya fi shafa. An buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith, tare da gwamnatin jiha da mutanen gari, suka kankare saman ƙasar gidaje suka binne, suka zuba sabuwa. An yi na Abare tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011, na Bagega sai 2013. MSF ta miƙa aikin jinyar yaran ga gwamnatin Zamfara a 2022. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024, kuma duk inda aka koma kawo dutse gida, ƙasar da aka tsabtace takan sake gurɓata. Yaran da ake yaye yau ba su ga 2010 ba, wasu iyayensu ma a lokacin yara ne.

Ya kamata a fahimci hanyar da dalma take bi, don kada a dogara da riga a inda ba ta da amfani. Abin da yake ratsa fata bai taka kara ya karya ba. Hanyarta baki ce da hanci. Yaro ya zauna a ƙasa, ƙura ta manne a jikinsa mai gumi ko mai mai, ya shafa ciki, ya sa yatsa a baki, ya ɗauki ƙosan da ya faɗi ya cinye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba yake tsotsa, kuma babu wani adadi nata a jini da za a ce ba ya cutarwa. Rigar da ta yini tana birgima a gurɓatacciyar ƙasa, yaro yana tauna wuyanta, ita ma guba take ɗauke da ita. Don haka a gidan da ake harkar dutse, tambayar "ya sa riga?" tana bayan wasu tambayoyi: a ina yake zaune, yaushe aka wanke masa hannu, me yake sawa a baki.

A yi masa wurin zama na musamman, tabarma ko leda mai kauri da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, in da hali daɓen siminti. Buhun da aka ɗauko dutse ba ya zama shimfiɗa, ba ya zama mazubin hatsi. A yayyafa ruwa kafin shara, kuma a ɗauke yaro daga wurin har ƙura ta kwanta. A wanke masa hannu da sabulu kafin kowane ci, har da ɗan abin taɓawa na tsakanin abinci, a yanke farce. Uwa mai shayarwa ta wanke hannunta ta goge nono kafin ta ba shi. A yi masa wanka kafin barci, a canza rigar yini, kada ya kwana da ita. Takalmi a ƙafa idan zai fita, a cire a bakin ƙofar ɗaki. Kada a bar shi da yunwa, domin cikin da babu komai ya fi tsotse dalma, abinci irin su wake, zogale, ƙwai da nono kuwa suna rage yawan abin da jiki yake ɗauka. Turmi da injin da suka taɓa dutse sun bar aikin abinci har abada.

Idan yaron da yake cire kaya ya haɗa da yawan kuka marar dalili, ƙin abinci, amai, ciwon ciki, kasala, ko ya daina maganar da ya fara ko tafiyar da ya iya, a kai shi asibiti a faɗa musu ƙarara cewa ana aikin dutse a gidan ko a unguwar, a nemi gwajin dalma. Jijjiga kuwa ba ta jiran wayewar gari. Haka nan yaron da ya wuce shekara biyu ba ya jure kowane irin yadi a jikinsa, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ba ya furta kalma, ya kamata ma'aikacin lafiya ya gan shi. Sau da yawa kuma dalma tana cikin jini babu wata alama a waje, gwaji kaɗai ke nunawa.

Saura kai, maigida. Rigar da ta fi hatsari a gidanka taka ce, wadda ka yini da ita a rami ko a dabar niƙa. Ka ajiye kayan aiki da takalminsu a can wurin aikin, ka yi wanka a can in akwai ruwa, ka sa wasu kayan ka dawo. In babu hali, ka tsaya a zaure ka cire, ka ƙulle su a leda, ka wuce makewayi kai tsaye. Ba a haɗa su da kayan yara a wanki, ba a zubar da ruwan wankinsu inda yara suke wasa, ba a rataye su a ɗakin kwana. Babur ɗin ma a goge mazauninsa kafin a ɗora yaro. Da ya ji sallamarka zai taho da gudu yana "oyoyo Baba", da riga ko babu. Uwarsa ko yayarsa ta tare shi ta riƙe, kai kuma ka ce masa, "Tsaya in yi wanka in ɗauke ka." Zai yi kuka kwanakin farko. Idan ka fito ka ɗauke shi kamar yadda ka faɗa, cikin mako guda zai koyi jira a bakin tabarma.